Daga Riruwai Zuwa Ɗakin Bincike: Yadda Za Ka Nemi Digirin Digirgir Kan Radiyeshan da Gyaran DNA

Wannan shawara taka ce, ƙanina, kai da ka gama digiri a bayoloji, ko bayokemistiri, ko fiziks, ko ɗaukar hoton asibiti, ka yi bautar ƙasa, ka dawo gida Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa. Wataƙila kana koyarwa a sakandare, wataƙila kana tsaron shagon yayanka, amma ranka na kan digirin digirgir. Ke ma ƙanwata matso kusa, akwai naki a gaba.

Fannin da zan nuna maka shi ne binciken ɓarnar da radiyeshan ke yi wa jikin mai rai, da yadda jikin ke gyara DNA ɗinsa bayan ɓarnar. A nan gida ba a rububinsa. A Jamus da Holan da Siwidin kuwa, albashi ake biyan ɗalibi ya zauna ya yi shi. Sai dai ba a ɗaukar mutum don kawai ya ce yana so. Wanda ya zo da tambaya tasa ta kansa, kuma hannunsa ya taɓa aiki, shi ake ɗauka. Duka biyun za ka iya samu ba tare da ka bar Arewa ba.

1. Ka fahimci abin har ka iya yi wa Inna bayani

Kowace ƙwayar jikinka, wadda ake kira sel, tana ɗauke da DNA mai tsawon kusan mita 2, a dunƙule. Ka ɗauke shi kamar igiya mai tufka biyu. In tufka ɗaya ta tsinke, ɗayar na riƙe, kuma daga ita za a kwafo gyaran. In duka biyun suka tsinke a wuri guda, nan ne ake shiga uku.

Ko ba radiyeshan, DNA na kowace ƙwaya na samun rauni sau dubun-dubata a rana, jiki na gyarawa ba ka sani ba. Binciken wannan gyara ne ya sa aka ba Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar kyautar Nobel ta kemistiri a 2015. Shi Sancar ɗan wani ƙaramin gari ne, Savur, a kudu maso gabashin Turkiyya, iyayensa ko karatun boko ba su yi ba.

Riƙe waɗannan alƙaluma, za a tambaye ka. Gire shi ne ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha. Gire 1 yana tsinka tufka ɗaya a wurare kusan 1,000 cikin ƙwaya guda, ya tsinka duka biyun a wurare kamar 20 zuwa 40. Manyan hanyoyin ɗinke wannan mummunan tsinkewa biyu ne. NHEJ tana haɗa bakin da bakin cikin gaggawa, wani lokaci da kuskure. HR kuwa tana kwafowa daga tagwayen DNA ɗin, aikinta tsaf, amma sai ƙwayar ta riga ta ninka DNA ɗinta tana shirin rabuwa.

A kan wannan aka gina gashin kansa, wato jinyar ciwon kansa da radiyeshan. Shi ya sa ba a ba maras lafiya radiyeshan a tashi ɗaya. Yawanci gire 2 ake ba shi kowace rana, kwana 5 a mako, har makonni 6 ko 7, domin lafiyayyen nama ya samu sararin gyara kansa tsakanin yau da gobe, ita kuwa kansar gyaranta ya gaza. Kusan rabin masu kansa suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. To me ya sa wata kansar ke jin gashi, wata ta yi kunnen uwar shegu? Amsar wannan tambaya ce dubban masu bincike ke nema, kuma a nan kuɗin yake.

2. Karanta abu biyu, kyauta

Kada ka ɓata kuɗin data kana tara littattafai ɗari a waya. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta fitar da littafin koyar da wannan fanni ga malamai da ɗalibai a 2010, yana shafinta kyauta. Akwai kuma Radiobiology Textbook da kamfanin Springer ya buga a 2023, shi ma a buɗe yake ga kowa. Ɗauki ɗaya, babi ɗaya kowane mako, da biro da littafin rubutu.

Bayan wata guda ka shiga PubMed ka fara karanta sababbin takardun bincike. Ta farko za ta ba ka ciwon kai. Ta goma za ka fara gane inda marubucin ya yi kwana.

3. Nemo tambayarka a gida

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, don haka bari in daɗe a kansa.

Farfesan da ke Heidelberg yana samun wasiƙu birjik daga ko'ina, kowa na cewa yana sha'awar binciken kansa. Abin da ba ya samu kullum shi ne wanda zai ce masa: ga mutane, ga wuri, ga tambayar da ba wanda zai iya amsa ta daga Turai. Kai kana da wannan.

Fara da Riruwai. Duwatsunta 'yan uwan na Jos ne, kuza da kwalambayit da sauran ma'adinai aka daɗe ana haƙa a cikinsu. Irin waɗannan duwatsu suna tafe da toriyom da yuraniyom, kuma idan an wanke kuza, ragowar yashin da ake zubarwa yakan fi ƙasar gari yawan radiyeshan. Masu fiziks sun sha zuwa da na'ura su auna ƙasa da ruwa. Tambayar ɗan bayoloji daban ce: mutumin da ya shekara goma yana shiga rami, ko matar da ke wankin kuza da hannu, me ƙwayoyin jikinsu ke nunawa idan aka kwatanta da na manomin shinkafa a Tudun Wada? Ka lura, ban ce ka je ka tsorata mutane ba. Kowane ɗan Adam a duniya yana shan radiyeshan na halitta, matsakaicinsa milisibat 2.4 a shekara (milisibat ma'aunin tasirinsa ne a jiki), kusan rabinsa daga iskar radon da ke fitowa daga ƙasa. Mai yiwuwa ka auna ka ga babu wani bambanci. Wannan ma sakamako ne, kuma ana buga shi.

Tambaya ta biyu tana asibiti. Masu ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi suna aiki da radiyeshan kullum. Wasu na da bajon auna abin da suka sha, wasu babu. Binciken jininsu ko ƙwayoyin bakinsu aiki ne da ake yi a ƙasashe da dama, kuma mai digiri na biyu zai iya.

Ta uku ta fi nauyi, ta kuma fi daraja a ganina. Kansar mama da ta bakin mahaifa su ne suka fi addabar matanmu, kuma yawanci sai abu ya yi nisa ake zuwa asibiti. Ƙari in ya girma, tsakiyarsa na rasa iskar oksijin, ƙwayar da ba ta da oksijin kuwa takan buƙaci radiyeshan har ninki uku kafin ta mutu. Sannan in na'ura ta tsaya ana tsakiyar gashi, ƙwayoyin kansar da suka rage sai su ci gaba da hayayyafa a kwanakin jira. Ga kuma batun BRCA1 da BRCA2, ƙwayoyin gadon da ke cikin aikin HR, waɗanda lalacewarsu ke jawo kansar mama da ta ƙwan mace a dangi. Saboda fahimtar wannan rauni ne aka samar da maganin olaparib, da aka amince da shi a 2014. Mafi yawan bayanan gado da aka tara a duniya na Turawa ne. Wanda zai kawo na Hausawa, da izini kuma bisa ƙa'ida, za a saurare shi.

Zaɓi ɗaya. Rubuta ta a layi biyu. In ta ƙi shiga layi biyu, ba ta nuna ba tukuna.

4. Sa hannunka a aiki

Kada ka ce babu kayan aiki. Akwai gwaje-gwajen da ba sa cin kuɗi sosai.

Mafi araha shi ne na albasa. Za ka jiƙa gindin albasa a ruwan da kake zargi, saiwa ta fito, ka yanki ƙarshen saiwar, ka rina, ka duba a maikiroskof ka ƙirga ƙwayoyin da kuromozom ɗinsu ya karye ko ya maƙale wajen rabuwa. Gwaji ne sananne a duniya. Sai dai shi ba ya bambance radiyeshan da gubar ƙarfe irin dalma, don haka kada ka yi saurin yanke hukunci a rubutunka.

Na gaba shi ne gwajin maikuroniyukiliyas. Ana ɗan kankaro cikin kumatu da tsinken katako mai faɗi, a shafa a gilashi, a rina, a ƙirga ƙwayoyin da ke da ɗan ɗigon DNA da ya ɓalle gefe. Sai gwajin kwamet, inda DNA da ya farfashe ke jan jela idan an sa masa lantarki. Wanda manyan ɗakunan bincike suka fi ji da shi shi ne gamma-H2AX, da aka gano a 1998: kowane wurin da tufka biyu suka tsinke yana haskawa kamar ɗigo, ka zauna ka ƙirga. Ko ba ka taɓa yi ba, ka san yadda ake yi.

Duk abin da ya taɓa ɗan Adam, ko yawu ne, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar mutumin a rubuce. Ka kuma bi ta wurin hakimi da dagaci kafin ka shiga gari da kwalabe. Bincike ba izini, ba mujallar kirki da za ta karɓa.

Ina za ka koya? Kai da ke kusa da Kwanar Dangora ka fi ɗan cikin birni kusa da Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai cibiyar binciken makamashi, CERT, mai ɗauke da NIRR-1, ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004. Can ake kai samfurin ƙasa da ma'adinai a auna. A Shika akwai sashen gashin kansa na asibitin koyarwa, haka ma a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Jami'ar Bayero akwai sashen koyar da ɗaukar hoton asibiti da na bayokemistiri. Je ka da ƙafarka, ka gaida malami, ka ce kana son ka taya ɗalibansa aiki wata uku, ko wankin kwalabe ne. Masu kula da ɗakin gwaje-gwaje ka fi girmamawa, su ne suka san inda makulli yake.

5. Kwamfuta ma ɗakin bincike ce

In NEPA da kuɗin sinadari sun hana ka, koyi R ko Python. Bayanan dubban masu kansa suna nan kyauta a TCGA da cBioPortal da GEO. ImageJ, manhajar da ake ƙirga ɗigon gamma-H2AX da ita, kyauta ce. Ƙaramin nazari ɗaya da ka yi da kanka, da zane mai tsafta, ya fi satifiket goma na taron bita.

6. San inda ake yi

A Afirka, duba iThemba LABS kusa da Cape Town, suna da sashen nazarin radiyeshan da halittu, da kuma makarantar nukiliya ta Jami'ar Gana da ke Kwabenya a Akara.

A Jamus akwai DKFZ a Heidelberg, mai shirin digirin digirgir na ƙasa da ƙasa da Turanci, da OncoRay a Dresden, da GSI a Darmstadt inda ake aiki da ƙwayoyin kabon masu nauyi. A Ingila akwai sashen kansa na Oxford, da cibiyar nazarin lalacewar DNA a Jami'ar Sussex, da Institute of Cancer Research a Landan. A Faransa akwai Institut Curie, inda aka fito da FLASH a 2014, wato bayar da radiyeshan cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wanda a gwajin dabbobi aka ga bai cika ƙona lafiyayyen nama ba. Japan kuwa tana da cibiyoyin bincike a Hiroshima da Nagasaki da Chiba, ta hanyar tallafin MEXT da ake nema a ofishin jakadancinsu.

Shawarata: kada suna ya ruɗe ka. Malamin da ke da kuɗin bincike kuma yake amsa wasiƙa ya fi babbar jami'ar da ba wanda ya san da zamanka.

7. Kuɗi

Hanya mafi sauƙi ita ce gurbin da ya zo da kuɗinsa. Buɗe EURAXESS da FindAPhD kowace Litinin, ka rubuta radiobiology ko DNA repair. Guraben Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai a buɗe suke ga ɗan kowace ƙasa, da albashi, muddin ba ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin shekara 3 da suka wuce ba. Kai wannan sharaɗi bai dame ka ba.

A Ingila ka karanta talla da kyau. Da yawa kuɗin ɗan ƙasa kawai suke biya, ragowar kuma ba abin da gonar Baba za ta iya ba ne. Tun 2021 guraben UKRI suka buɗe ga baƙi, amma kashi 30 cikin ɗari ne iyaka. Tallafin Commonwealth ta Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya ake bi. Chevening kuwa na digiri na biyu ne kawai, kada ka ɓata lokaci.

DAAD ta Jamus galibi ba ta son digirinka na ƙarshe ya wuce shekara 6. Tallafin gwamnatin Turkiyya ana buɗe shi a Janairu zuwa Fabrairu, mai neman digiri na uku kada ya kai shekara 35. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ma yana da nasa. TETFund ta malaman manyan makarantun gwamnati ce, in ba ka cikinsu ba taka ba ce.

Akwai wata hanya da mutane ke rainawa, ni kuwa ita na fi so ga mai iyali. Yi rajistar digirin a Zariya ko Kano ko Sakkwato, ka tara samfurinka a gida, sannan ka nemi zuwa waje na 'yan watanni ka yi gwajin da babu na'urarsa a nan. Commonwealth na da irin wannan na wata 12 a Ingila. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya na da shirin STEP tare da IAEA, ya fi dacewa da 'yan fiziks. Horon IAEA kuwa ta Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, NAEC, ake nemansa.

8. Wasiƙar farko

Gajera. In ta wuce allon waya biyu, rage.

Layin farko ka faɗi ko kai wane ne da abin da ka karanta. Na biyu ka ambaci takarda ɗaya tasa da ka karanta, da abu guda da ya tsaya maka a cikinta. Na uku tambayarka ta layi biyun nan. Na huɗu abin da hannunka ya iya, gaskiya tsagwaronta. Ka rufe da tambayar ko yana da gurbi, ko zai mara maka baya ka nemi DAAD ko Commonwealth. Maƙala CV mai shafi biyu.

Bar dogon kirari da labarin talauci. Kada ka tura wasiƙa ɗaya ga mutum hamsin, suna ganewa. In kwana goma shiru, tuna masa sau ɗaya, ka wuce gaba. Kuma ka canza adireshin imel ɗin nan mai laƙabin da abokai suka sa maka a sakandare.

9. Takardu

Tiranskirif shi ne ke kayar da mutane. Nema tun yau, kafin ka ga talla, don yakan ɗauki watanni. Fasfo ma haka. IELTS shekara 2 yake yi ya mutu, saboda haka kada ka yi shi da wuri, kuma ka fara tambaya ko jami'ar za ta karɓi Turancin WAEC ko wasiƙar shaidar cewa da Turanci ka yi karatu. Ingila na iya neman takardar ATAS kafin biza, jami'ar za ta gaya maka.

Malaman da za su yi maka shaida, ka sanar da su wata guda kafin lokaci, ka ba su CV da ranar rufewa. Wanda ya ga aikinka da idonsa ya fi farfesan da bai san fuskarka ba.

Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne.

10. Ke kuma, ƙanwata

Na san tambayar da za a yi miki a gida: wannan abu ba ya hana haihuwa? Ga amsa. Yawancin aikin a kan ƙwayoyi ne cikin ɗan faranti. Ki sa su a na'ura mai rufin dalma, ki rufe, ki danna daga waje. Ana ba ki bajon da ke auna abin da kika sha. Iyakar da ƙa'idar duniya ta yanka wa ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara, masu aikin ɗakin bincike kuwa ba sa ko kusantarta. In kika samu juna biyu, ki sanar da wuri, za a sauya miki aiki yadda abin da zai kai ga cikin ba zai wuce milisibat 1 ba.

In ba ki yi digiri na biyu ba, IAEA na da tallafin Marie Skłodowska-Curie na mata zalla tun 2020, yana biyan kuɗin makaranta da na zama, da damar horo bayan an gama. Kuma kina da abin da ɗan uwanki ba shi da shi: matan Riruwai da masu jinyar kansar mama za su buɗe miki baki, su bar ki ki ɗauki samfur. Maganar maigida da yara kuwa a yi ta tun kafin a cike fom, ba bayan biza ta fito ba.

11. Gobe da safe

Bayan ka karya, sauke littafin IAEA. Rubuta takardar neman tiranskirif. Kira tsohon malamin da ya duba aikinka na ƙarshe a jami'a, ka gaishe shi, ka tambaye shi wa ya sani a CERT ko a Shika. Kafin la'asar tambayarka ta layi biyu ta kasance a rubuce.

Yawancin manyan guraben Turai tsakanin Oktoba da Janairu ake rufe su, don karatun da zai fara kaka mai zuwa. Ƙirga daga yau ka ga wata nawa ya rage maka.